Ina Sunan Mai Waƙar?

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Magana ce ta gaskiya, amma tana ɗauke da wani sharaɗi wanda ba a cika lura da shi ba, watau sai an san mai ita tukuna. A ƙasar Hausa da ƙasar Barno akwai ɗimbin waƙoƙi waɗanda kowa ya iya, ana rera su a gidan biki da wurin daka da lokacin rarrashin jariri, amma in aka tambayi wanda ya ƙago su, sai a ce ai na gargajiya ne. Mafi yawan irin waɗannan waƙoƙi kuwa daga cikin gida suka fito, daga bakin mata. Wannan al'amari ya daɗe yana damun wata malamar makarantar 'yan mata a Gashuwa, har ya sa ta ɓullo da wata hanyar koyarwa wadda ya kamata masu karatu su ji labarinta.

Ita dai Malama haifaffiyar Nguru ce. Kakanta na wajen uba Bakano ne, yana cikin fataken da suka biyo hanyar jirgin ƙasa bayan da ta iso Nguru a 1930, sa'ad da garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, inda Bahaushe da Bamange da Bafillace da mutanen kudu suke cin kasuwa ɗaya. Mahaifiyarta kuwa 'yar ƙabilar Bade ce daga Gashuwa, saboda haka tun tana ƙarama ta saba da hanyar nan da ta ratsa ta Jajimaji, duk hutu ana kai ta wurin kakarta ta wajen uwa a bakin Kogin Yobe. Wannan tsohuwa ba zabiya ba ce, ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan waƙa ba, amma ba a kai amarya a unguwarsu sai an jira ta. Takan dubi amarya da danginta, nan take ta ɗinka musu baitoci cikin harshen Bade ko Hausa, mata suna amsawa. Shekaru bayan rasuwarta Malama ta je wani biki a unguwar, ta ji ana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin da ta san a gabanta tsohuwar ta ƙaga. Da ta tambayi mai bayarwa ko ta san mai waƙar, sai yarinyar ta ce, "Wallahi Yaya, haka muka tashi muka tarar." Ko shekara 20 ba a yi ba, suna ya ɓace, waƙa ta zama ta gargajiya.

Darasin da aka ba Malama shi ne na fasaha da al'adu, wanda a cikinsa akwai ɗan abin da ya shafi kiɗa da waƙa. Kayan aikinta duka bai wuce allo da alli da wani ɗan fiyano mai amfani da batir ba, wanda ta saya da kuɗinta a Kano. Kowa ya san fiyano a yau, domin tun shekarun 1990 ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, ya zama shi ne kalangu, shi ne algaita, shi ne sarewa a waƙoƙin finafinai. Amma asalinsa wani babban akwati ne na katako mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, wanda wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera wajen shekarar 1700. Cikakkensa yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, duk wanda aka danna sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya. Na Malama 61 gare shi. Turawa kuma suna da hanyar rubuta sauti a kan layuka biyar, ta yadda mutum zai shirya kiɗa a takarda, ya mutu, bayan shekara 200 wani wanda bai taɓa jin sa ba ya ɗauki takardar ya kaɗa shi daidai. A wurinsu mai shirya kiɗa daban, mai kaɗawa daban, kamar yadda marubucin waƙa yake daban da mai rera ta.

A makon farko na kowace shekara Malama takan yi wa sababbin ɗalibai jarrabawa iri ɗaya. Takan raba allo biyu, ta ce su kawo sunayen mawaƙa maza. Kafin ƙiftawar ido gefe guda ya cika: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos, ga na zamani ba iyaka. In ta ce to a kawo na mata, sai a ambaci Barmani Coge, a ƙara da biyu ko uku daga cikin masu waƙar fim, daga nan aji ya yi tsit. Sai ta tambaye su wa ya fi yi musu waƙa tun daga ranar da aka haife su zuwa yau, maza ko mata. Su duka sukan amsa da cewa mata. Ta ce to ina sunayensu? Ba ta ba su amsa a ranar. A maimakon haka takan ɗauke su zuwa ƙasar Jamus.

Labarin da take fara ba su shi ne na Fanny Mendelssohn, wadda aka haifa a 1805. Ita da ƙanenta Felix malami ɗaya ya koyar da su, kuma waɗanda suka san su sun shaida cewa ba ya fin ta gwaninta. Amma tana da shekara 14 mahaifinsu ya rubuta mata wasiƙa, ya nuna mata cewa mai yiwuwa kiɗa ya zama sana'ar ƙanenta, ita kuwa iyakarsa a wurinta ado. Duk da haka ba ta daina ba. Ta shirya kiɗa da waƙa fiye da 450, mafi yawansu a cikin gidanta na Berlin aka ji su, shida daga cikin waƙoƙinta kuma aka buga su da sunan Felix. A 1842 Felix ya ziyarci Sarauniya Biktoriya ta Ingila a fadarta, Sarauniya ta zaɓi wata waƙa da take ƙauna daga cikin littafinsa ta rera, dole ya buɗe baki ya gaya mata cewa ta yayarsa ce. Sai a 1846 Fanny ta buga littafin waƙoƙinta na farko da sunanta, shekara guda bayan haka ta rasu. Akwai ma wani dogon kiɗan fiyano da ta shirya a 1828, wanda aka gano a Faransa a 1970 ɗauke da harafin F da sunan gidansu. Nan da nan masana suka ce na Felix ne, har suna yaba ƙarfinsa. Sai a 2010 wata mai bincike Ba'amurkiya, Angela Mace, ta ga ainihin takardun, ta tabbatar da cewa rubutun hannun Fanny ne. Duk lokacin da Malama ta kawo nan, ba a rasa yarinyar da za ta ce, "Malama, ai wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Daga nan sai Clara Schumann, wadda ta rayu daga 1819 zuwa 1896, ta yi shekara 60 tana kaɗa fiyano a manyan biranen Turai. Tun tana da shekara 16 aka gabatar da babban kiɗan da ta shirya da kanta. Ta haifi 'ya'ya takwas, mijinta Robert, wanda shi ma shahararren mai shirya kiɗa ne, ya yi jinya ya rasu a 1856, ya bar ta da ɗawainiyar gida. Tun daga nan ta kusa daina ƙaga nata, ta koma yawon kaɗa na mijinta da na wasu domin ta ciyar da marayu. 'Yan matan Gashuwa ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, domin kowaccensu ta san wata gwauruwa a unguwarsu wadda ta ajiye abin da take so ta kama abin da zai kawo tuwo.

Har ila yau takan ba su labarin Florence Price, baƙar fatar Amurka, wadda a 1933 babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Chicago ta kaɗa aikinta, abin da ba a taɓa yi wa wata mace baƙar fata ba kafin ita. Da ta rasu a 1953 aka manta da ita, sai a 2009 wasu mutane da suka sayi wani kangon gida a Jihar Illinois suka tarar da tarin takardunta a ciki, rufin gidan ma ya fara zubewa. Ta ƙarshe ita ce Emahoy Tsege Mariam Gebru ta ƙasar Habasha, wadda aka haifa a 1923, ta zaɓi zaman ibada irin na addininta, ta rasu a Birnin Ƙudus a 2023. Duniya ba ta san ta sosai ba sai da aka sake fitar da kiɗanta a faifai a 2006, tana da shekara fiye da 80. Ita ce ɗalibai suka fi so, kuma akwai dalili. Kiɗan Habasha a kan sautuka biyar aka gina shi, haka ma yawancin waƙoƙin ƙasar Hausa. Baƙaƙen madannan fiyano kuwa biyar-biyar suke tafiya, biyu sa'an nan uku. Malama takan kunna musu kiɗan tsohuwar a wayarta, sa'an nan ta sa wata yarinya ta lalubo karin waƙar reno a kan baƙaƙen madannai kaɗai. Ranar da yarinya ta ji waƙar da uwarta take yi wa ƙanenta tana fitowa daga cikin akwatin Bature, daga ranar ta daina tsoron akwatin.

To, a nan ne Malama take juyo da akalar zance gida, kuma a nan ne ainihin darasin yake. Takan ce musu waɗannan mata huɗu an danne su, ko an manta da su, amma an iya tono su saboda abu guda: sun bar takarda. Takarda tana iya kwana shekara 50 a kango ta jira mai nema. Waƙar baka kuwa ba ta da wurin kwana sai ƙirjin mai ita. Daɗin daɗawa, wuraren da waƙoƙin mata suke rayuwa su ma suna ƙarewa. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, ya tafi da waƙar niƙa, wadda a cikinta mace take amayar da abin da ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido. Siminti ya kori daɓe da waƙoƙinsa. Shantu ya yi wuyar gani, dandalin gaɗa ya zama shaguna, a gidan biki kuma na'ura ce take kiɗa, mata suna zaune suna kallo. Ga harshen Bade da na Manga abin ya fi tsanani, domin yara da yawa a cikin gari Hausa suka tashi da ita, ko sun ji waƙar kakarsu ba su san abin da take cewa ba.

Domin kada su ɗauka rubuta sunan mace baƙon abu ne da aka aro daga Turai, takan kawo musu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. Takan fara da bayyana musu cewa waƙoƙin Nana na ilimi ne da wa'azi, ba su haɗa hanya da kiɗa ba, kada a cakuɗa. Abin da ake so su lura da shi shi ne yadda aikinta ya tsira. Ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, waƙoƙinta da yawa an rufe su da ramzin shekarar da aka yi su, zuriyar mijinta Waziri Giɗaɗo ta adana takardun a Sakkwato, jajis na 'yan taru kuma suka haddace su suka kai wa matan ƙauyuka. Shi ya sa a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka iya tara su a littafi guda. Bugu da ƙari, ita kanta Nana ta yi waƙa musamman wadda ta jera sunayen mata salihai, tun daga na farkon Musulunci har zuwa na zamaninta da ta sani ido da ido. Ashe ke nan wadda ta fara wannan aiki a ƙasar nan ta riga Malama da kusan shekara 200. Takan kuma nuna musu littafin Alƙalami a Hannun Mata, wanda aka buga a Zariya a 1983, mai ɗauke da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano, su kuma kaset da rediyo ne suka riƙe sunansu. In ba don haka ba, da waƙoƙin da Barmani ta yi tana zuga mata su kama sana'a sun bi sahun na gargajiya.

Aikin hutu da take bayarwa guda ɗaya ne. Kowace yarinya ta sayi littafin rubutu, ta je wurin tsohuwa ɗaya a danginsu, ta gaishe ta yadda ya kamata, ta roƙe ta waƙa uku. Ta rubuta baitocin da harshen da aka yi su, ta ɗauki murya a waya in an yarda, sa'an nan ta yi tambayoyi huɗu: wa ta ƙaga, a wane gari, a zamanin wane sarki ko wace shekara, kuma me ya faru aka yi ta.

Ba a rasa masu suka ba. Wani dattijo ya zo makaranta da kansa, ya ce shi ya kawo 'yarsa ta yi karatu ne ta zama malamar asibiti, bai kawo ta a mai da ita zabiya ba, gidansu ba a gaji roƙo ba. Malama ta ba shi kujera, ta ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ba na sa 'yar kowa ta yi waƙa a gaban maza, wadda iyayenta ba su so ta taɓa fiyano kuma ba ta taɓawa, ba ta kuma rasa maki. Maganar hukuncin kiɗa ta malamai ce, ni ban kai nan ba. Abin da na roƙa shi ne ta zauna da mahaifiyarka ta rubuta abin da ta sani tun tana da rai." Dattijon ya yi shiru, ya ce in dai wannan ne ba laifi, amma a bar shi ya ga littafin.

Wata sukar ta fi wannan nauyi, kuma daga tsofaffin kansu ta fito. Da yawansu sun ce waƙar mata ba ta mutum ɗaya ba ce, wata ta fara, wata ta ƙara, wata ta sauya suna ta sa na ɗanta, to wa za a rubuta? Wasu kuma sun ce rashin sunan shi ne rufin asirin, domin wadda ta yi habaici ga uwar miji a bakin dutsen niƙa ba ta so a ce ita ce. Malama ta karɓi wannan magana hannu biyu, ta kafa doka: ba a rubuta sunan kowa sai da yardarta ko ta 'ya'yanta. In an ƙi, a rubuta unguwa da zamani. In mutum uku suka gina waƙa, a rubuta su ukun, har da wadda aka ji ta a bakinta. Abin da ta hana shi ne a rubuta kalmar gargajiya a tashi, alhali ba a tambaya ba.

Abin da littattafan suka dawo da shi ya wuce zaton kowa. Wata yarinya ta gano cewa waƙar daka da duk unguwarsu take yi kakarta ce ta ƙaga, a lokacin farin 1973, sa'ad da maza suka watse neman abinci aka bar mata da yara. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, tana ganin tsohuwar a matsayin mai faɗa da yawan aike, ba ta taɓa sanin haka ba. Da ta tambaye ta dalilin da ba ta taɓa faɗa ba, sai ta ce, "Wa ya tambaye ni, 'yar nan?" Wata ta kawo waƙar matan masunta wadda take lissafa tafkuna da fadamun da ake kamun kifi a da, waɗansunsu yanzu kacalla ta cinye, waɗansu sun ƙafe tun bayan da aka gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa a can sama, ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Wannan tarihin ƙasa ne wanda babu shi a littafin makaranta. Wata kuwa ta ɗaga tafiyarta zuwa ƙarshen hutu, da ta isa Nguru ta tarar an yi sadakar bakwai ɗin tsohuwar da aka tura ta wurinta. Ta dawo da littafi fari fat. Malama ba ta rage mata maki ba. Ta sa ta rubuta sunan marigayiyar a shafin farko, ta bar sauran yadda yake, ta ajiye shi tare da 'yan uwansa.

Yanzu littattafan sun cika wata akwatin ƙarfe a ɗakin Malama, muryoyin kuma suna cikin waya guda wadda in ta faɗa ruwa shi ke nan. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Gashuwa tana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, tana da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2013, Nguru ma tana da kwalejinta, ga masarautun Bade da Nguru, ga gidajen rediyo. An riga an ga misalin abin da haɗin kai yake iya yi, domin marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda ya fara nazarin harshen Bade a Gashuwa tun shekarun 1970, ya haɗa hannu da 'yan ƙasa sun fitar da ƙamus na harshen. Abin da aka yi wa kalmomi ana iya yi wa waƙoƙi. Da kowane ɗalibi mai nazarin harshe ko tarihi zai ɗauki tsohuwa ɗaya ya yi aikinsa na kammala karatu a kanta, a ajiye murya da rubutu a ɗakin karatu da sunan mai su, da cikin 'yan shekaru an tara abin da jikoki za su yi godiya a kansa.

Mai karatu ma yana da nasa rabon aikin, ba ya bukatar fiyano ko takardar shaida. In akwai tsohuwa a gidanku, kaka ko goggo ko inna, to a samu wani dare bayan sallar lisha a zauna kusa da ita, a roƙe ta waƙar da aka yi mata ranar da aka kai ta ɗakin miji, a kuma tambaye ta wa ta yi. Mai yiwuwa ta yi dariya ta ce ta manta. A yi haƙuri a sake tambaya gobe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa iyayenmu mata lafiya da nisan kwana, amin.